Yaro mai otizim: a zauna a Zariya ko a tashi? Yadda na auna Kaduna, Kano, Abuja da Jos

Satin da ya wuce kanwata ta kira ni bayan isha'i muryarta na rawa, wai likita ya tabbatar musu yaronta mai shekara uku da rabi yana da otizim, wato abin da ake cewa galahanga, kuma ga maigidanta an yi masa tayin canjin wajen aiki zuwa Abuja, sun ba shi wata daya ya yi shawara. Tace Yaya dan Allah mu tashi ko mu zauna? Nace ki yi hakuri ki share hawayenki, wannan ba maganar waya bace, zan rubuto miki komai a tsanake. Da na fara rubutun sai naga ai ba ita kadai bace, mu nawa ne a garin nan muke kwana muna juya wannan tambayar, shine nace bari kowa ya samu.

Nawa yaron dan fari ne, shekararsa tara yanzu, kuma sai da muka shafe kusan shekara biyu ni da Abbansu muna lissafin barin Zariya saboda shi. Mun je Kaduna ba adadi, Kano sau uku, Abuja mun yi sati biyu a gidan yayan Abbansu muna zaga makarantu, Jos kuma sau daya. To abin da zan fada gani ne, ba ji ba.

Kafin a zo kan garuruwa, akwai abin da nake so ki fara rabewa domin ni sai da na bata shekara guda ban rabe ba. Abu uku kike nema ba daya ba. Akwai likitan da zai duba yaro ya tabbatar da abin da ke damunsa ya kuma ci gaba da bibiya, musamman in akwai farfadiya ko rashin barci wanda suna yawan zuwa tare da otizim. Akwai masu horo, wato mai koyar da magana da mai koyar da amfani da hannu da kula da kai, irin su rike cokali, sa riga, shiga bandaki. Sai kuma makarantar da zai rika zuwa kullum. Likita sau biyu ko uku a shekara ya isa, wannan ba ya sa a tashi daga gari, mota ake shiga a je a dawo. Masu horo da makaranta su ne na kullum, su ne kadai dalilin da zai sa a daure kaya. Duk wanda bai rabe wannan ba zai sayar da fili ya koma babban gari don neman abin da tafiyar kwana daya take kawowa.

Kuma dan Allah kudin da za ki tara don wannan hidimar kada ki bari ya zurare wajen masu cewa suna da maganin da zai warkar gaba daya. Otizim, wanda gidajen rediyo ke cewa galahanga, yanayi ne na yadda kwakwalwar yaro ta ginu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taba kiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, kuma ya fi yawa a maza. Ba shafar aljanu bane, ba sammun kishiya bane, ba kuma allurar rigakafi bace, binciken da ya fara yada wannan zancen na rigakafi a Ingila a 1998 mujallar da ta buga shi ita da kanta ta janye shi a 2010. Addu'a kam kullum muna yi, tofi ba na fashi safe da dare, amma bata hana mu zuwa asibiti ba.

To bari in fara da gida. Zariya tana da abin da garuruwa da yawa basu da shi, wato asibitin koyarwa na ABU a Shika, akwai likitocin yara akwai likitocin kwakwalwa akwai masu gashin kashi, ga daliban likitanci ga manyan malamansu. Maganar likita dai ba mu da matsala, daga Samaru ko Hanwa ko Palladan minti nawa ne. Inda gizo ke sakar shine horo da makaranta. Mai koyar da magana wanda ya karanci abin da gaske wuyar samu gare shi, ba a Zariya kadai ba, Arewa gaba daya, in kin samu daya za ki ga layi a kansa. Makarantun kudi kuwa da yawa in kika ce yaronki yana da otizim sai a fara kallon juna, wasu su ce babu gurbi, wasu su karba saboda kudin makaranta su ajiye shi a bayan aji. Mu an yi mana haka a wata makaranta da ba zan kira sunanta ba, zango biyu ina biya ina murna, ranar da na je ba zata da karfe sha daya na same shi shi kadai a kan tabarma a ofishin mai karbar kudi yana juya murfin kwalba, ashe can yake wuni tunda ya fara kuka a aji. Wallahi a keke na yi ta hawaye har gida.

Amma akwai abin da Zariya take ba ni wanda ban san darajarsa ba sai da aka gwada ni. Yana shekara shida wata ranar Juma'a na shiga wanka na bar kofar zaure ba sakata, na fito babu shi. Yaron da ba ya amsa sunansa, ba ya tsoron mota, ga titi ba nisa. Ban gama daura zani ba sai ga dan acaban layinmu ya yi sallama dauke da shi, yace Maman yara a bakin kwalbati na gan shi yana kallon ruwa, na san ba ya son a rike masa hannu shine na ba shi makullin mashin ya rike har muka iso. Kin ji fa, dan acaba ya san ba ya son a rike masa hannu. Mai kanti ya san biskit din da yake ci, mai shayi ya san in ya toshe kunne a rage rediyo, malamin islamiyya ya bar shi ya zauna a bakin kofa ba ya tilasta masa shiga sahu. Ga Hajiya, kakarsa, da take karbarsa duk ranar da na gaji har na rasa inda zan sa kaina. Wannan duk ba a rubuta shi a takardar kowace makaranta, kuma ranar da kika tashi daga unguwarku a nan za ki bar shi, sai kin sake shekaru kafin ki gina irinsa a wani wuri in ma ya ginu.

Kaduna ita ce ta farko da kowa ke tunani kuma da gaskiyarsu, kilomita 80 ne ko kusa da haka, yanzu da aka gyara titi awa daya da 'yan mintuna kin isa Kawo. Abu biyu ne suka sa Kaduna ta zama dole a wajena. Na farko cibiyar kula da kunne ta kasa tana Kaduna, kuma duk yaron da ya yi nauyin baki abu na farko a gwada jinsa, domin yara da yawa da ake cewa basa amsa kira ashe kunne ne, wasu kuma ana ce musu kurame ana kai su ajin kurame alhali suna jin karar ledar alawa daga daki na uku. Na biyu asibitin kwakwalwa na tarayya da ke Barnawa, na san sunan kadai yana tsorata mutane, ni ma sai da Hajiya tace ba za a kai mata jika asibitin mahaukata ba, amma can akwai masu duba yara da matasa, kuma ba don hauka ake zuwa ba. Sannan akwai cibiyoyi masu zaman kansu da makarantun kudi da suka fara karbar irin yaranmu fiye da na Zariya, kudinsu kuma bai kai na Abuja ba.

Tambayar ita ce a koma Kaduna ko a rika zuwa ana dawowa? Mun gwada zuwa sau biyu a sati na wata hudu kuma ba zan boye miki ba, da wuya. In ba ku da mota, daga gida zuwa Kwangila, daga nan zuwa Kawo, daga Kawo kuma sai kin ratsa gari gaba daya kin haye gada kafin ki kai bangaren kudu, ga hayaniyar tasha, yaro ya toshe kunne yana ihu mutane na kallo wani ma ya ce miki Hajiya ki kai shi a yi masa rukiyya mana. Kafin mu isa wajen mai horon ya riga ya gaji, minti arba'in din da muka biya rabinsa lallashi ne. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuwa kudin motar kadai ya zama wani abu. Abin da ya fi mana daga baya shine sau biyu a wata, ni nake shiga dakin in zauna in ga abin da take yi, ta rubuta min aikin sati biyu, in dawo gida in yi da shi kullum, in turo mata bidiyo ta WhatsApp ta gyara min. Idan kuma aikin maigida zai iya komawa Kaduna ba asara, to a cikin duk garuruwan nan ita ce tashin da ya fi sauki, domin ba ki yi nisa da dangi ba, Juma'a da yamma kina iya zuwa gida ki koma Lahadi.

Kano kuma wani lissafi ne daban. Kilomita 150 da 'yan kai, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya ma, kina shigowa gari ba sai kin kutsa ciki sosai ba. Jami'ar Bayero tana da sashe guda na ilimin masu bukata ta musamman, abin da ke nufin duk shekara ana yaye mutanen da suka karanci wannan fannin kuma yawancinsu Hausawa ne, wannan ba karamin abu bane, zan dawo kansa. Akwai tsohuwar makarantar gwamnati ta Tudun Maliki da kowa zai fara ambata miki, amma ki sani an gina ta ne a kan kurame da makafi, haka ma yawancin makarantun gwamnati na masu bukata ta musamman a Arewa, to yaro mai otizim bukatarsa daban ce, ba maganar hannu ko rubutun makafi yake nema ba. Ki tambaya da kyau kafin ki dauka duk inda aka rubuta bukata ta musamman ya dace da naki. Cibiyoyin kudi na otizim suna nan suna karuwa a Kano, wasu iyaye mata ne irinmu suka bude bayan sun sha wahala da nasu. Rayuwa bata kai Abuja tsada ba, al'ada daya, abinci daya, islamiyya ko ina. Abin da ya hana ni Kano gaskiya hayaniya ce da zafi da cunkoson adaidaita sahu, nawa yaron kara ce babbar matsalarsa, kuma ba mu da kowa a can. Wadda take da dangi a Kano kuwa, ni zan ce ta duba Kano kafin ta duba Abuja.

Abuja nan ne zan dade domin can ne idon kowa yake. Gaskiya daya ce, a duk Arewa babu inda ya kai Abuja yawan cibiyoyi da kwararru, za ki samu wuri daya da mai koyar da magana da mai horon hannu da malamin aji duk suna aiki tare a kan yaro daya, suna da takardar tsarin koyarwa ta kowane yaro daban, suna zama da iyaye duk karshen zango. A wata cibiya da muka je na ga abin da har yau nake tunawa, wata malama ta zauna a kasa da yarona, ta ajiye kofin ruwa inda yake gani amma hannunsa bai kai ba, ta ajiye hoton kofi a gabansa, wata kuma tana bayansa ta dan tura gwiwar hannunsa ya dauki hoton ya mika, nan take aka ba shi ruwan. Sau biyar suka yi, na shida da kansa ya dauka ya mika. Yaron da shekara biyar in yana jin kishi sai dai ya ja ni zuwa randa ko ya fadi kasa yana kuka. Na fito na ce wa Abbansu ko me za mu sayar mu dawo garin nan.

Da daddare muka zauna da biro da takarda sai jikinmu ya yi sanyi. Kudin zango daya a wurin ya fi albashinsa na wata uku, ban da kudin malamar rakiya da za ta rika zama kusa da yaro a aji, wadda suke cewa shado, ita ma iyaye ke biya. Cibiyoyin masu kyau yawanci suna cikin gari, mu kuma hayar da za mu iya sai Kubwa ko Lugbe ko ma Mararaba da take jihar Nasarawa, kuma duk wanda ya taba bin hanyar Nyanya da safe ya san me nake nufi, sai a tashi yaro tun asuba a sa shi a mota awa daya da rabi cikin hon da hayaki, ya dawo da la'asar a haka. Gida daki biyu a bene, ba tsakar gida, makwabta basu san ki ba, in ya yi ihu karfe biyun dare gobe mai gida ya aiko. Ni kuma dinkin da nake yi a nan masu kawo min duk 'yan unguwa ne, can daga farko zan fara. Ga kannensa biyu su ma makaranta za su shiga. Kuma ba kowace cibiya bace ta gaske, mun shiga wata mai fenti mai kyau da kayan wasa kala kala da na'urar sanyaya daki, na leka wani aji na ga yara shida an kunna musu katun an ja kofa. Ba girin girin ba dai, ta yi mai.

Sai maganar yare da nace zan dawo kanta. A yawancin wuraren Abuja da Turanci ake komai, har wata ta ce min in daina yi masa Hausa a gida wai zan rikita shi. Na yi kwana biyu ina gwadawa sai na tambayi kaina, in ya koyi kiran ruwa da Turanci wa zai fada wa, Hajiya? Yaron da kalmominsa ba za su yi yawa ba, ai gara 'yan kadan din su zama wadanda mutanen da ke kewaye da shi za su gane. Daga baya wani likita ya tabbatar min binciken da aka yi bai nuna yare biyu yana cutar da yaro mai otizim ba, kuma ba a hana yaro yaren gidansu. Shi ya sa nake ganin malama Bahaushiya mai matsakaicin ilimi da hakuri wani lokacin ta fi miki kwararriyar da bata jin abin da yaronki ke kokarin fada.

Jos ba zan ja ba. Jami'ar Jos tana cikin tsofaffin wuraren da ake karantar da wannan fannin a kasar nan, malamai da yawa na makarantun musamman can suka yi karatu, akwai kuma cibiyar Open Doors da ta dade tana aiki da yara masu jinkirin koyo. Garin da sanyi, ba hayaniya kamar Kano, haya da sauki a kan Abuja. Amma hanyar ta Pambeguwa da Saminaka doguwa ce, kuma zama a Jos sai an san unguwar da za a zauna saboda rikice-rikicen da aka sha, to in ba aiki ne ya kai ku ba ko kuna da 'yan uwa, ban ga dalilin tashi takanas ba. Legas ta fi ko ina kwararru, can ma bankin GTBank ke shirya taron otizim duk shekara da ake duba yara kyauta, wannan a je a dawo ne ga mai hali. Kasar waje kuwa, a Amurka da Ingila doka ta dora wa hukuma tsara wa yaro karatunsa na musamman a makarantar gwamnati, amma ko can iyaye na jiran layi wata da watanni, kuma wannan hanya ce ta wanda karatu ko aiki ya riga ya bude masa kofa.

Mu ma fa muna da doka, mutane basu sani bane. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce suna da hakkin karatu ba tare da wariya ba, kyauta har sakandare, kuma makarantun gwamnati su kasance suna da wanda aka horar don kula da su. A 2020 aka kafa hukumar kasa ta masu bukata ta musamman. Aiki da dokar bai kai ko ina ba tukuna, amma sanin ta yana sa ki shiga ofishin hedimasta da kafarki a tsaye, ba kamar mai rokon alfarma ba.

Duk garin da kika zaba, kada ki biya kudin haya ko na makaranta sai kin je da kafarki sau biyu, daya da sanarwa daya ba sanarwa. Ki ce za ki zauna a aji awa daya, wurin da ya hana ki gani ki kama gabanki. Ki kirga yara nawa ke hannun malama daya. Ki tambaya me suke yi in yaro ya fadi kasa yana ihu ko ya ciji wani, ki saurari amsar da kyau, in kika ji bulala ko kullewa a daki ko daure hannu to an gama magana. Ki duba bandaki, ki duba ko get din yana rufe, ki tambaya wa zai wanke shi in ya bata jikinsa. Mai koyar da magana ko horon hannu ki tambayi inda ya yi karatu da rajistarsa, akwai hukumar tarayya da ke yi wa masu wannan aikin rajista, mai gaskiya ba ya jin haushin tambayar. Ki tambaya malamar da aka nuna miki shekararta nawa a wurin, domin wadannan wuraren ma'aikata na yawan tafiya, kina iya tashi daga Zariya saboda mutum daya ki je bayan wata uku ta samu wani aikin. Sannan ki tsaya a bakin get lokacin tashi ki yi magana da uwa daya ko biyu, su ne za su fada miki abin da ba a fada a ofis.

Kuma ki sa shi kansa yaron a sikeli. Yaranmu sabo ne rayuwarsu, nawa shinkafa fara da mai yake ci a faranti daya shudi, ranar da farantin ya fashe kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Sati biyun da muka yi a Abuja barcinsa ya lalace, fitsarin kwance da muka yi shekara muna fama ya daina ya dawo. Ba wai ba a tashi da su bane, ana tashi, amma ki sa a ranki wata biyu ko uku na farko baya zai koma kafin ya ci gaba. In tafiyar ta tabbata ki rika nuna masa hoton sabon gidan tun da wuri, ki tafi da katifarsa da bargonsa da kofinsa kada ki ce za ki sayi sababbi, kuma kada ki hada sabon gida da sabuwar makaranta a sati daya.

Mu dai a karshe zama muka yi. Na samu wata yarinya 'yar unguwarmu da ta gama NCE a FCE bata samu aiki ba, mai hakuri ce sosai, muka rika tafiya da ita Kaduna tana ganin yadda ake yi, yanzu ita ce ke zama da shi a aji a wata karamar makaranta da mai ita ta yarda ta ba mu dama, yana yin awa uku ya dawo. Hotunan nan da na gani a Abuja na je shagon masu hoto a PZ aka wanke min na kofinsa da buta da faranti da takalmi da Hajiya, aka sa musu leda, na lika a jikin kwali a kofar kicin. Shika muna zuwa ganin likita in lokaci ya yi. Bai kai abin da zai samu a waccan cibiyar ba, na sani, wani lokacin da daddare ina tunanin da mun tafi da yanzu ina yake. Amma yana fadin ruwa, yana fadin Umma, yana shiga bandaki da kansa, kuma ba mu ci bashi ba.

Ke kuma kanwata lissafinki ba irin nawa bane, shi ya sa ba zan ce ki bi sawuna ido rufe ba. Naki shekararsa uku da rabi, shekarun da horo ya fi kama jiki kenan, nawa sai da ya kai biyar muka gane. Aikin maigidanki zai zo da karin albashi, mu namu babu. To in wajen aikin za su ba ku gida ko kudin haya da zai sa ku zauna kusa da cibiyar da kika gani da idonki kika yarda da ita, tafiyar da bata wuce minti talatin ba, kuma bayan an biya kudin zango uku na shekara da na shado akwai abin da za ku ci ba tare da taba jari ba, ki tafi, ki dauki Inna ko wata daga gida ta zauna da ku ko na wata shida ne. In kuwa daya daga cikin wadannan ya fadi, ki bar shi ya tafi shi kadai tukuna yana zuwa karshen sati ta jirgin kasa zuwa Rigasa, ke ki zauna a Tudun Wada kusa da mu, duk hutun zango ki je Abuja ki yi sati biyu ana yi wa yaron horo kina koya, bayan shekara ku sake zama da biro da takarda. Kafin nan dai ranar Talata ki shirya da wuri, zan zo mu tafi Kaduna a fara gwada masa kunne, ki taho da duk abin da yake son rikewa a hannu saboda tasha.